Sauya Tsarin Motsa Jiki a Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Sakkwato

Mutane da yawa a garin nan sun rungumi motsa jiki a cikin gida: matasa da ƙarfensu na siminti a zaure, matan aure da waya jingine a jikin madubi, dattawan da likita ya ce su rage zama. Farawa ba ta cika ba su wahala ba. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne lokacin da mutum ya ce zai bar tsarin da yake kai ya kama wani. A nan ake jin ciwo, a nan kuma da yawa suke ajiye abin gaba ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi dawowa, an sa musu lamba don a iya komawa daga wata zuwa wata. Bayani ne na kowa da kowa, ba zai tsaya a madadin ganin likita ba.

1. Wane irin canji ne za a kira sauya tsari?

Tsari shi ne jadawalin da ke gaya maka abin da za ka yi: wane atisaye, sau nawa, zagaye nawa, kwana nawa a mako. Wani a manhajar waya yake samun nasa, wani a bidiyon YouTube, wani kuma abokinsa ne ya rubuta masa a takarda. Ƙara nauyi ko ƙara zagaye ɗaya a kan abin da kake yi ci gaba ne kawai, kuma kowane tsari mai kyau yana tafe da shi. Sauyi shi ne a canza irin aikin da jiki yake yi, kamar daga tsalle-tsalle zuwa ɗaga nauyi, ko daga minti 15 kullum zuwa awa guda sau uku a mako.

2. Ta yaya zan san lokacin sauyi ya yi?

Dalilai masu ƙarfi ba su da yawa. Akwai ƙarewar tsarin kansa, domin yawancin na waya na kwana 30 ne, ko mako 8 zuwa 12, kuma maimaita na 'yan koyo karo na uku ba zai ƙara maka komai ba. Akwai tsayawa cak, inda makonni za su wuce ba ka iya ƙara ko sau ɗaya a kan abin da kake yi, alhali kana barci kana cin abinci. Akwai gaɓar da ke ciwo duk ranar da ka yi wani motsi, musamman gwiwa, kafaɗa ko ƙasan baya. Sai kuma juyin rayuwa: an koma makaranta, an sauya lokacin aiki, an yi haihuwa, ko burin ne ya canza.

Gundura ma dalili ce, kada a raina ta. Tsarin da zuciyarka ta ƙi ba za ka daɗe a kansa ba, kome kyansa. Sai dai ka tambayi kanka tsakani da Allah, tsarin ne ya ishe ka, ko kuwa bidiyon wani mai murɗaɗɗen jiki ka gani yana alkawarin sakamako cikin kwana 21? Shi kansa shekaru ya ɗauka yana gina jikin nan. In wannan ne ya motsa ka, karanta amsa ta 3 kafin ka yanke shawara.

3. Na yi mako uku ban ga komai a madubi ba. In nemi wani?

A'a, ɗan'uwa, da saura. Ƙarfin da ake ji a makonnin farko yawancinsa daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake zuwa, suna koyon yadda za su sarrafa tsoka yadda ya kamata. Girman tsokar kanta a baya yake biyowa, kuma ba a cika ganinsa da ido ba sai an yi mako 6 zuwa 8, wani lokacin fiye. Wanda ke sauya tsari duk bayan mako biyu ko uku kullum a matakin koyo yake, ba ya taɓa kaiwa inda ake girbi.

Za ka ji ana cewa sai an riƙa rikita jiki da sabon abu kullum don kada ya saba. Ba haka ba ne. Sabon nan shi ake nema, a kansa ake ɗora ƙari kaɗan-kaɗan. Abin da ke sa jiki ya ci gaba shi ne aikin yau ya ɗan ɗara na makon jiya. In ba ciwo kake ji ba, ba wa tsari wata biyu zuwa uku kafin ka yi masa hukunci.

4. Dole ne sai na kai ƙarshen tsohon kafin in kama sabo?

Ba dole ba ne. In yana ji maka ciwo, ko kuma sam ba ya shiga cikin yininka, ka bar shi yau. In kuwa saura mako ɗaya ko biyu kuma lafiya lau kake, ƙarasawa ya fi, don ka san haƙiƙanin abin da ya ba ka.

5. In na huta tsakanin tsari biyu, abin da na tara zai zube?

Hutun mako guda ba ya rage komai na a zo a gani, sau da yawa ma mutum dawowa yake da ƙarin kuzari. Juriyar numfashi ce ke fara raguwa, ana jin ta bayan kamar mako biyu na zama. Ƙarfin tsoka ya fi ta daɗewa, yana iya kai mako uku bai motsa sosai ba. Kuma abin da jiki ya taɓa samu ya fi saurin dawowa fiye da yadda aka same shi da farko.

Don haka in ka fito daga tsari mai tsanani, ɗauki kwana huɗu zuwa bakwai kana tafiya da ƙafa da ɗan miƙe-miƙe. Abin da na fi ji wa tsoro a hutu shi ne yankewar al'ada. Ka riƙe lokacin nan da ka saba, ko da zagaya unguwa kawai za ka yi a cikinsa, kuma ka tsayar da ranar fara sabon tun kafin ka ajiye tsohon.

6. Na daɗe ina atisaye. Daga wane mataki zan shiga sabon tsarin?

Daga ƙasa da inda kake jin za ka iya. Wannan ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan, ita kuma aka fi ƙin ji. Ƙarfin jiki yana bin irin aikin da aka saba masa ne. Manomin da ke wuni da fartanya a fadama, in ka ba shi keke ya taka zuwa Wamakko ya dawo, gobe cinyoyinsa za su ba shi labari. Wanda ya shekara yana ɗaga ƙarfe ƙirjinsa ya cika, amma agararsa da tafin ƙafarsa ba su san tsallen igiya ba. Haɗarin ma ya fi yawa ga mai ƙarfi, don yana da kuzarin da zai tura gaɓar da ba ta shirya ba har ta samu matsala. Tsoka tana saurin sabawa, jijiyoyin da ke ɗaure ta da ƙashi kuwa sun fi ta jinkiri.

Shawarata ita ce makon farko ka yi kamar rabin abin da tsarin ya rubuta. In ya ce zagaye huɗu, yi biyu. In ya ce minti 40, tsaya a 20 ko 25. A kowane zagaye ka dakata tun kana jin saura sau biyu ko uku a jikinka. Mako na biyu ka kai kashi biyu bisa uku, na uku ka cika, matuƙar gaɓoɓi ba su yi ƙorafi ba. In manhajar ta tambayi matakinka, zaɓi na ƙasa da wanda ranka ke so. Hawa daga baya ba shi da wuya.

Makon farkon nan na koyon motsi ne. Kalli bidiyon sau ɗaya a zaune kafin ka bi shi a tsaye, don mai leƙen waya yana tsakiyar tsugunawa wuyansa da bayansa ne ke shan wahalar. Jingina wayar a bango ka ɗauki kanka daga gefe na 'yan daƙiƙu, ka kwatanta da mai koyarwar. Za ka ga abin da ba ka ji a jiki: baya ya lanƙwashe, gwiwoyi suna faɗawa ciki, dunduniya tana ɗagawa daga ƙasa.

7. Na fara sabon jiya, yau ko ruku'u da ƙyar nake yi. Lafiya kuwa?

Galibi lafiya ne. Wannan tsamin jiki ne da ke biyo bayan motsin da tsoka ba ta saba ba, musamman inda ake sauke nauyi a hankali, kamar gangarowa ƙasa a tsuguna-tashi. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, ya washe kafin mako ya cika. Karo na biyu da za ka yi motsin, tsamin zai ragu sosai. Tafiya a hankali da motsi mai sauƙi sun fi kwanciya taimakawa. Tsami kuma ba shaida ba ce ta cewa sabon tsarin ya fi tsohon aiki, shaida ce kawai ta cewa sabo ne.

Kada ka je kyamis a haɗa maka maganin ciwon jiki don ka samu damar ci gaba da atisaye. Irin su diclofenac da ibuprofen suna wahalar da ƙoda in jiki ba shi da isasshen ruwa, kuma suna rufe maka gargaɗin da jiki ke yi.

Abin da ba tsami ba ne: ciwo mai suka a cikin gaɓa, kumburi, ko zafin da ya zo farat ɗaya ana cikin motsi. Wannan a tsaya. Akwai kuma alamar da ba a kwana da ita a gida: tsoka ta kumbura tana azabar ciwo, ga kasala, fitsari kuma ya koma launin baƙin shayi. Yana iya zama tsoka ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya zuba a jini yana barazana ga ƙoda, kuma an fi ganin haka ga wanda ya afka wa sabon atisaye da ƙarfin tsiya cikin zafi. A nufi sashen gaggawa nan take, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ko duk wanda ya fi kusa.

8. Tsare-tsaren sun yi yawa. Da me zan auna wanda zan zaɓa?

Fara da ma'aunin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici shi ne wanda kana yi kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Mai tsanani kuwa kalma biyu uku za ka furta sai ka ja numfashi. Tsarin da ya ba ka ɓangare ɗaya kawai, kai za ka cike ɗayan.

Sai ka auna shi da gidanka. Ɗakin zai isa ka miƙe hannu da ƙafa? In gidan haya ne na mutane da yawa, tsalle da asuba zai haɗa ka da maƙwabta. Bidiyon yana saukuwa a waya, ko kullum sai ya ci data? Yana neman kayan da ba ka da su? Duba kuma ko ya haɗa manyan motsin jiki: turawa, jawowa, tsugunawa, sunkuyawa a ɗauki abu daga ƙasa, da riƙe ciki. Yawancin tsare-tsaren da ba su buƙatar kaya sun cika firesof (a kifa ciki a riƙa ɗaga jiki da hannu) da atisayen ciki, sun bar jawowa, shi ya sa ƙirji ke gaba baya na baya. Amsa ta 9 ta nuna yadda ake cike wannan giɓi.

Ka guji tsarin da ba shi da ranar hutu, da wanda ke yi maka alkawarin zubar da kilo kaza cikin kwana kaza, da wanda ƙarshensa tallar shayi ne ko ƙwaya.

9. Ina so in bar tsalle-tsalle in koma ɗaga nauyi, amma ba ni da ƙarfe.

Kana da shi a gida ba ka sani ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Babbar gorar ruwa kilo ɗaya da rabi ke nan, buhun ruwan leda mai guda 20 kusan kilo 10, jarka mai lita 25 kuwa ta fi su duka amfani, don kana iya farawa da ita rabi, kana ƙara lita ɗaya ko biyu duk mako. Rungume ta a ƙirji ka yi tsuguna-tashi. Dafa kujera da hannu ɗaya, baya a miƙe, ka jawo ta zuwa haƙarƙari. Ɗauke ta a hannu ɗaya ka je ƙarshen tsakar gida ka dawo, ka sauya hannu. Jakar baya cike da littattafai tana ƙara wa firesof nauyi.

Masu ƙarfen gida, wato bututu da gwangwanin fenti cike da siminti a kowane gefe, su kai shi a ɗora a sikeli, ko na mai sayar da gas ne. Sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kafaɗa ce ke biyan bambancin. Kada kuma ka kwanta ƙarƙashinsa kai kaɗai babu mai karɓa. Ka bar tazarar kamar awa 48 kafin ka sake matsa wa tsokar da ta yi aiki, ka kuma riƙe kwana biyu na tafiya mai sauri ko sassarfa don numfashin da ka tara kada ya tafi.

10. Ni kuma akasin haka: daga ƙarfe zan koma atisayen haki. An ce ƙwanjina zai narke ya zama kitse.

Tsoka ba ta komawa kitse, nama ne iri biyu daban. Abin da ke faruwa shi ne tsoka ta ragu don an daina ba ta aiki, kitse kuma ya ƙaru don an ci gaba da cin abinci kamar da. Ka bar wa ƙarfen kwana ɗaya ko biyu a mako, da nauyin da ka saba amma zagaye kaɗan, yawancin abin da ka gina zai zauna.

Yawancin tsare-tsaren haki na waya salon aiki da ƙarfi na ɗan lokaci ne, a huta kaɗan, a sake. Wanda ya fi shahara shi ne na daƙiƙa 20 aiki, 10 hutu, sau takwas, minti huɗu ke nan, mai ɗauke da sunan masanin Japan Izumi Tabata da ya wallafa bincikensa a 1996. A kan 'yan wasa masu horo aka gwada shi, ba a yi shi don a riƙa yi kullum ba. Sau biyu ko uku a mako ya isa. Kuma tsallen igiya a kan siminti da silifas ko ƙafa ba takalmi shi ke kawo ciwon ƙwauri da dunduniya. Sa kambas, ka fara da minti kaɗan, ka bi matakan amsa ta 6.

11. Da wannan zafi namu, akwai lokacin da ya fi dacewa a sauya?

Akwai. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuma yana riƙe shi har cikin dare, ga wuta ba tabbas balle fanka. Sabon motsi da tsananin zafi nauyi biyu ne, bai kamata a ɗora wa jiki su a rana ɗaya ba. In da zaɓi, ni na fi son a yi babban sauyi da damina ko farkon hunturu. In kuwa dole sai da bazara, to bayan sallar asuba, a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa, a rage tsawon lokaci. Jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi.

Sha ruwa kafin ka fara, ka ajiye wani kusa. Launin fitsari ma'auni ne mai kyau, in ya yi duhu ruwa bai isa ba. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ɗaurewar tsoka, a tsaya a nemi inuwa. In mutum ya fara ruɗewa yana magana ba kan gado, a jiƙa shi da ruwa a yi masa fifita a garzaya asibiti. Masu naɗa leda a ciki ko sa rigar roba don su yi gumi, don Allah su daina. Ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma suna toshe hanyar da jiki ke sanyaya kansa.

Da hunturu matsalar ƙura ce da sanyin safiya. Ƙara lokacin ɗumama jiki zuwa minti 10, a yayyafa ruwa a tsakar gida kafin a fara tsalle, mai asma kuma ya ajiye abin shaƙarsa kusa, ya koma cikin ɗaki ranar da hazo ya yi yawa.

12. Azumi ya kusa. In fara sabon tsarin ko in jira?

Jira ya fi. Watan azumi na riƙe abin da ake da shi ne, da tsarin da jiki ya riga ya sani, an rage shi. Mai sauƙi kamar tafiya ana iya yi dab da shan ruwa, mai nauyi kuma bayan asham, lokacin da ruwa da abinci suka shiga jiki. A goman ƙarshe barci yana raguwa saboda tahajjud, ba laifi a ƙara sassautawa. Bayan salla, in za ka yi Sitta Shawwal ka gama tukuna, sannan ka shiga sabon.

13. Don tumbi na sauya, amma sikeli ma hawa ya yi.

Kada hankalinki ya tashi, Hajiya. Tsokar da ta yi sabon aiki tana riƙe ruwa yayin da take gyara kanta, kuma nauyin mutum yana iya hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yini da yini, musamman gab da al'ada. Tef ɗin tela ya fi sikeli gaskiya a nan. Ki auna ƙugu daidai cibiya da safe, sau ɗaya a mako biyu. Abin da ake so shi ne awon ya kasa rabin tsayinki.

Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen wurin ya ƙone shi. Kitse daga jiki gaba ɗaya yake raguwa, in abin da ake ƙonawa ya fi abin da ake ci. Saboda haka komawa tsarin da duk ciki ne ba zai rage tumbi ba. Wanda ya haɗa tafiya, ɗaga nauyi da gyaran abinci shi ke yi, duba amsa ta 17. Ɗamarar matse ciki kuwa, ana kwance ta komai ke komawa inda yake.

14. Na haihu, na yi arba'in. In koma tsarina na da, ko in nemi wani?

Barka da arziki. Ki nemi wani tukuna, wanda aka tsara don masu jego. Arba'in ta yi kusan daidai da mako shida da ake komawa asibiti a duba mai jego, ki tambaya a can kafin ki fara wani abu mai ƙarfi. In tiyata aka yi, jiran ya fi haka, kuma likita ne zai ba da izini. A fara da tafiya, da atisayen matse tsokar da ake riƙe fitsari da ita. Tsalle da gudu galibi ana ba da shawarar a jinkirta su zuwa wajen wata uku.

Ki lura da abu biyu. In kin ɗago daga kwance kika ga tsakiyar cikin ya tsiro kamar tudu, tsokar ciki ba ta gama haɗewa ba, ki bar atisayen ɗago kai daga kwance. In fitsari yana kuɓucewa wajen tsalle ko tari, ko kina jin nauyi a ƙasa, ki je asibiti sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, a duba ki. Ba abin kunya ba ne, kuma yana gyaruwa. Motsa jiki matsakaici ba ya rage ruwan nono. Mai juna biyu kuma ba lokacin gwada tsari mai tsanani ba ne gare ta, ta nemi shawara wajen awo, ta guji zafi da duk abin da zai iya kayar da ita.

15. Ina da hawan jini, shekaruna sun haura sittin. Yarana sun sauke min sabon tsari a waya.

Allah ya ƙara lafiya, Baba. A nuna wa likitanku tsarin kafin a fara. Ɗaga nauyi daidai gwargwado yana da amfani gare ku, abin da za a kiyaye shi ne riƙe numfashi a yi nishi, don yana ɗaga jini sama nan take. A fitar da numfashi lokacin ɗagawa. Tashi da zama daga kujera, firesof a jikin bango, da tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da wani abu, sun fi bidiyon matasa dacewa. Ga wanda ya kai 65, jagorar da aka ambata a amsa ta 8 ta ƙara da atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana uku a mako, don kare faɗuwa.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da suga, sabon tsari yana iya saukar masa da shi fiye da kima, ya ajiye dabino ko suga kusa. Mai sikila ya guji atisayen da ke kai mutum maƙura, da ƙishirwa. Ga kowa kuma, ciwon ƙirji, haki da ya wuce misali, ko duhun gani, a tsaya a nemi asibiti.

16. Zan iya haɗa biyun, tsohon da safe sabon da yamma?

Kowane tsari an lissafa shi ne da hutunsa, in ka haɗa biyu cikakku hutun ka cinye. Abin da ke yiwuwa shi ne ɗaya ya zama uwa, ka ɗauko abu ɗaya ko biyu daga ɗayan, a ranakun da ba su ci karo ba.

17. Sai na sauya abinci tunda na sauya tsari?

In burin bai canza ba, ba lallai ba ne. Mai neman gina tsoka ya ga cewa kowane cin abinci yana da abin gina jiki a ciki: wake, ƙosai, alale, awara, kifi, nono, ƙuli-ƙuli, ko ƙwai, wanda ɗaya yana da kusan giram 6 na furotin. Mai neman ragewa ya fara da sugan da ke shiga shayi, kunu da fura, da lemon kwalba, kafin ya taɓa tuwo. Kada a haɗa sabon tsari da yanke abinci mai tsanani a mako guda, jiri ne zai biyo baya.

Garin furotin na gwangwani ba wajibi ba ne. Ƙwayoyin sha-ka-fashe kuwa a nisance su. Wasunsu, irin dexamethasone, suna kumbura fuska da ciki, su ɗaga suga da jini, su kuma rage tsokar da ake wahalar ginawa.

18. Na yi mako uku a sabon, bai karɓe ni ba. In koma tsohon?

Fara gano abin da bai karɓe ka ba. In motsi ɗaya ne ke taɓa maka gwiwa ko kafaɗa, musanya shi da mai sauƙi ka ci gaba da sauran. In tsawon lokacin ne, rage zagaye. In kuwa barcinka ya lalace, kullum a gajiye kake, abin da kake ɗagawa yana raguwa, tsarin ya fi ƙarfin hutun da kake samu, ka sassauta mako guda ka gani. Nan ne ɗan littafin rubutu ke da rana. Kwanan wata, abin da aka yi, sau nawa, da yadda jiki ya ji, layi ɗaya ya isa. Wanda bai rubuta ba da tunani kawai zai kwatanta tsari biyu, tunani kuma ranar da aka sha wuya ya fi riƙewa.

In duk ka gwada ka ga tsohon ya fi dacewa da jikinka da yininka, koma masa, babu laifi ko kaɗan. Sai dai in ka bar shi fiye da mako biyu ko uku, kada ka ɗora daga inda ka tsaya. Rage nauyin da zagayen a makon farko kamar yadda amsa ta 6 ta nuna, ka kuma taho da motsi ɗaya ko biyu da ka koya a sabon, musamman in na jawowa ne da tsohon ba shi da su.